Yarinyar da Ta Tuge Iyaka

Idan ka je tashar Babban Mutum ka zauna a teburin mai shayi na minti goma, za a ba ka labarin wata yarinya 'yar Ikko da ta zo ta tuge iyakar Najeriya da Nijar da hannunta, ta ɗaure ta dami-dami, ta kai wa awakin kakarta suka cinye. Wai kwana uku ƙasashen biyu suna manne da juna, mutanen Magarya su kwanta a Nijar su farka a Najeriya, sai da aka turo soja da jirgi mai saukar ungulu kafin a mayar da ita. Akwai wanda ya rantse mini ya ga jirgin da idonsa.

To, ƙarya ce. Na san ƙarya ce domin ni na fara ba da labarin, a teburin nan. Jirgin dai ba nawa ba ne, wani mai himma ne ya ƙara daga baya. Gaskiyar magana, an tuge iyaka, awaki kuma sun ci. Amma iyakar tsakanin gonarmu ce da gonar maƙwabcinmu Baba Mati, a ƙauyenmu Gidan Kalgo, kuma babu sojan da ya zo sai Mai gari da sandarsa.

Sunana Zakiyyu, ɗan acaɓa ne ni. Na yi boko har aji biyu na ƙaramar sakandare, inda ni da lissafi muka yi sallama ba tare da riƙe juna a zuci ba. Yarinyar kuwa Amatullah ce, 'yar Kawu Ma'aruf, wan mahaifiyata. Taubashiyata ce ke nan, don haka duk abin da na rubuta a kanta al'ada ce ta ba ni izini, kada wani ya zo mini da wa'azi.

Kawu Ma'aruf ya bar gida shekara ashirin da shida kafin wannan abin ya faru, ya tafi Ikko sayar da albasa. Can ya yi aure, can aka haifi Amatullah, can ta yi karatunta. Shekarar da kakanmu ya rasu mota ta taka masa ƙafa, bai zo ba. Daga nan kuma sai kunya ta ɗora a kan ciwon ƙafa, shekara ta bi shekara. Mu dai muryarsa muka sani a waya, da buhun garin rogo da yake aiko wa kakarmu, Iya Shatu, wanda ba ta ci, ba ta kuma bari a ci.

Amatullah ta ci jarrabawar shiga jami'a da makin da in aka raba mana shi mu biyar a tasha, kowa zai samu na shiga. Likitan dabbobi take so ta karanta. Sai aka ce ranar tantancewa kowa ya zo da takardar shaidar asalinsa, wadda 'yan boko ke kira indijin. A Ikko aka ce mata ai ke 'yar Arewa ce, je ki garin ubanki. Takardar kuma ba ta fita sai Mai gari ya sa hannu ya ce ya san ka, sannan hakimi, sannan sakatariya. In babu ita ranar tantancewa, gurbin ya tafi, shekara ta tafi.

Haka ta taso ita kaɗai, tana da shekara goma sha bakwai, farkon damina. Ni na ɗauko ta a tashar Daura. Na tarar da ita zaune a kan jakar gana-mas-go, ta rungume wata ƙaramar jaka a ƙirji kamar an ce mata duk Daura ita ake jira. Jakar nan kuwa littattafai ne zalla. Da na ɗora ta a kan tanki, tayar gaba ta yi ajiyar zuciya.

Na ce, "Ke ce 'yar Ikko?"

Ta ce, "Ni ce, Yaya. Don Allah a riƙa tafiya a hankali."

Na ce, "A nan a hankali shi ne tamanin."

Ta ce, "To, yi haƙuri, Yaya."

Ka ji fa. Ni na tsokane ta, ita take ba ni haƙuri. Nan na san akwai aiki a gabana.

Washegari Iya Shatu ta koya mata yadda ake durƙusawa da abin da ake faɗa, na raka ta zauren Mai gari Badaru. Mai gari dattijo ne marar hayaniya, in zai yi magana sai ya fara share ƙasar gabansa da tafin hannu. Ta gaishe shi, ta miƙa takardunta, ta yi bayani tsaf kamar mai karanta labarai a rediyo.

Ya share ƙasa, ya ce, "Ma'aruf na san shi. Tare muka yi kiwon awaki. Ke ce ban sani ba."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ga takardar haihuwata, ga sunansa a jiki."

"Na gani. Amma abin da zan sa wa hannu cewa yake na san ki. Ni kuwa jiya da la'asar na fara jin sunanki. Yaushe ne tantancewar?"

"Nan da wata huɗu, ranka ya daɗe."

"Madalla, damina guda ke nan. Zauna mu ga juna."

A hanyar komawa na ji bayan rigata yana jiƙewa. Na ce mata ikon Allah, yau ruwan sama ya tsallake duk garin ya sauka a bayana ni kaɗai. Ta ce, "Yi haƙuri, Yaya."

Ta zauna wurin Iya. Ranar farko da ta je rijiya ta saki guga da igiyar gaba ɗaya, ta tsaya tana leƙe tana jiran su dawo. Da ta kama taɓarya, kajin gidan duk sun ƙaura maƙwabta. Fura kuwa da cokali ta nemi ta sha, tana tambayar ina firji. Amma ba zan ci haƙƙinta ba, yarinyar ba ta da ƙiwa. Kafin wata guda tana jan ruwa tana surfe, hannun nan mai laushi ya yi kanta. Awakin Iya kuma suka mayar da ita uwa. Ta raɗa wa kowacce suna, tana buɗe musu baki tana duba haƙora, tana rubutawa a littafi. Daga nan na sa mata Likitar Jakuna.

Iya takan ce, "Ke Amatu, wannan fa ɗan mace ne, ke 'yar namiji. A al'ada bawanki ne. In ya faɗa miki ɗaya, faɗa masa biyu."

Sai ta ce, "Iya, ai ya girme ni."

Iya ta ce, "Girman me? Tsawo ne kawai, kamar karan dawa."

Tunda ni nake noma gonar gado, Iya ta ce in yankar wa Amatullah gayauna, wato 'yar gonar kanta, don gari ya ga tana noma kamar kowa. Na zaɓar mata kunya huɗu dogaye a can gefen gabas, jikin iyakar Baba Mati, geron ciki har ya tasa. Akwai dalilin da ya sa na zaɓi nan, zan faɗa in mun zo wurin, kada a gaggauta ni.

Ga wanda bai sani ba, mu a nan ba ma gina katanga tsakanin gona da gona. Gamba muke dasawa, doguwar ciyawar nan da ake saƙa zana da ita, tushe bayan tushe, a jere. Ita ce iyaka, ita ce shaida. Kana iya yankar ganyenta, amma wanda ya taɓa saiwarta, da shi da wanda ya fasa rumbu ɗaya ake kallonsu. Wannan ko yaron goye ya sani. Shi ya sa babu wanda ya yi tunanin ya gaya wa Amatullah.

Lokacin noma na biyu ya zo, ni kuma abokina yana aure a Mai'aduwa, kwana uku zan yi. Ina tayar da babur ta biyo ni da fartanya a kafaɗa.

"Yaya, ta yaya zan bambance ciyawar da ake cirewa da wadda ake bari?"

Na ce, "Likita, ai da sauƙi. Duk abin da ba gero ba ne maƙiyinki ne."

Ta ce, "To." Har da rubutawa a littafi.

Jama'a, yarinyar nan ta yi aiki. Ta gama da ƙananan ciyayi, ta ɗaga kai ta ga wasu manya sun yi sahu a gefen gonarta, ta ce lallai waɗannan su ne shugabannin maƙiya. Fartanya ta kasa, ta je ta aro diga. Kwana uku tana haƙa. Tushe sittin da ɗaya, ita ta ƙirga. Kullum da yamma ta ɗauro ganyen ta kai wa awaki, Iya tana sa mata albarka, don a zatonta yanka take yi. Da babu abin da zai tsayar da ita, ta zarce ta nome wa Baba Mati kunya biyar ba ta sani ba. A rana ta uku da la'asar aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya shafe ramukan tas. Gero ɗaya, shukar rana ɗaya. Gona biyu suka koma ɗaya.

Na dawo na tarar da Baba Mati a ƙofar Mai gari, hula a hannu, yana faɗa har muryarsa tana sarƙewa. Baba Mati tsoho ne mai yanar ido, amma bakinsa garau yake.

"Sun rasa yadda za su ci gonata, suka aiko a kawo musu baƙuwa daga bakin teku! Tun ina saurayi gambar nan take nan!"

Mai gari ya share ƙasa ya daɗe yana sharewa. Ya dubi Amatullah da ke durƙushe, ya ce, "Ke da kike so in ce na san ki, da wannan kika fara? Gobe da hantsi kowa ya same ni a gonar."

Yanzu ga dalilin da na ce zan faɗa. Shekara biyar ke nan, duk ruwan farko, nakan je da sassafe in ciro gambar nan in matsar da ita kunya ɗaya cikin gonar Baba Mati. Shekara biyar, kunya huɗu, don akwai shekarar da imani ya kama ni. Waɗannan kunya huɗun na ba Amatullah, a lissafina ko Baba Mati ya farga ba zai yi rigima da baƙuwa ba. Na gaya muku tun farko ni da lissafi ba ma shiri.

Da hantsi rabin gari yana gonar. Mai gari ya ce kowa ya nuna inda iyaka take. Baba Mati ya tafi ya dafa itacen aduwa da ke tsakiyar gonarmu ya ce daga nan tasa ta fara. Ni kuma na je na tsaya inda gambar take kafin a tuge, na ƙara taku ɗaya saboda tsaro. Dattawan da suka ga rabon gonar duk sun rasu. Aka aika a tambayi Iya, ta ce ita ba ta je ba, amma Ma'aruf ne ya taka gonar ranar da aka raba.

Amatullah ta ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni izini in kira shi."

A gonarmu waya ba ta kamawa sai a kan wani tsohon suri, nan ma wani lokaci ta Nijar take kamowa. Ta tattare zane ta hau, ta ɗaga wayar sama, ta buɗe murya kowa yana ji. Sai ga hayaniyar kasuwar Ikko a tsakiyar geronmu, wata mata tana ciniki da Yarbanci kamar za ta fito ta cikin wayar. Amatullah ta gaya masa abin da ta aikata, ba ta rage komai ba.

Kawu ya yi salati. Ya ce, "Amatu, yanzu a ina kike tsaye?"

"A kan suri, Baba."

"Surin nan yana nan? Allahu akbar. Aduwar fa?"

"Tana nan."

"To a jingina baya da ita, a fuskanci gabas, a yi taku arba'in da biyu. Ni na taka. A nan mahaifinmu ya binne rabin dutsen niƙan Iya da ya fashe, ya zuba gawayi a kansa. A haƙa kamu biyu, za a gani."

Ta sauko. Ta ce, "Ranka ya daɗe, takuna ba zai kai na Baba ba. Wa ya kai shi tsawo?"

Mai gari ya nuna ni da sanda. "Ga ɗan ƙanwarsa nan. Ƙafafun ne sak."

Na jingina da aduwa ina zufa. Taku arba'in da biyu na mutumin kirki ba zai kai inda na tsaya ɗazu ba, na sani sarai. Sai na buɗe ƙafa. Wallahi ban taɓa sanin wandona yana da haƙuri haka ba. Na isa daidai inda nake so, na ce arba'in da biyu. Aka haƙa kamu biyu, babu komai. Kamu uku, yashi. Kamu huɗu, wata ƙwaguwa ta fito ta dube mu ta koma.

Mai gari ya ce, "Ma'aruf ya manta. Shekara ashirin da shida ba kwana biyu ba ne." Ya karkaɗe rigarsa ya juya. Kowa ya san in ya bar gonar nan a haka, maganar takarda ta mutu.

Amatullah ta matso kusa da ni, ido ya yi ja. Ta ce a hankali, "Yaya, haka kake tafiya kullum?"

Na raɗa mata, "Rufa mini asiri. In na yi tafiyar gaskiya, dutsen yana bayan gayaunarki. Kunya huɗun nan duk na Mati ne. Geron da kika sha rana a kansa zai tafi. Bari, zan lallashi Mai gari daga baya."

Ta juya ta dubi geron. Ya kai mata ƙirji, kore shar, babu ko ɗigon ciyawa. Ta dubi tafin hannunta. Ni har na fara murna. Sai ta ɗaga murya, muryar da ban san tana da ita ba.

"Ranka ya daɗe, a sake! Bawan nawa tsallake ya yi, ba tafiya ba!"

Duk gonar aka fashe da dariya. Wata tsohuwa har da guɗa. Mai gari ya tsaya, ya juyo a hankali.

Akwai ƙwaryar fura da aka kawo wa masu haƙa, cike fal. Amatullah ta ɗauko ta da hannu biyu, ta ce in rusuna, ta ɗora mini a ka.

"Koma jikin aduwa. In ta zube, ka sake. In ta ƙare, Iya za ta dama wata."

Wanda bai taɓa gwadawa ba ya gwada: ba a buɗe ƙafa da ƙwaryar fura a ka. Na taho kamar amarya, duk gari yana ƙirga mini da ƙarfi, Baba Mati ya fi kowa murya. Arba'in da biyu ya faɗo daidai bakin kunyar farko ta gayaunarta. Ita da kanta ta karɓi diga. Kamu ɗaya da rabi, ƙasa ta yi baƙi. Gawayi. Sara biyu a gaba, diga ta yi ƙara.

Aka share, ga rabin dutsen niƙa kwance, da kwarminsa, kamar jiya aka ajiye.

Ta durƙusa gaban Baba Mati ta ce, "Baba, daga nan zuwa can taka ce, da geron da ke ciki. Gambar kuma ni na tuge, ban sani ba. A yafe mini."

Baba Mati ya dubi dutsen, ya dubi aduwar da ya dafa ɗazu, wadda ke taku arba'in da biyu cikin gonar mutane, ya yi tari. Ya ce, "To, ai dama ido ne ba ya gani sosai. Geron bana naki ne, ke kika nome. Har nawa kika nome mini, wanda 'ya'yan cikina ba su yi ba. Ƙasar dai tawa ce." Sannan ya juyo inda yake jin numfashina. "Kai kuma dogon banza, Allah ya shirye ka."

Na ce amin, da fura a kaina.

Mai gari ya miƙa hannu aka ba shi wayar. Dattijon nan da kansa ya hau suri, mutum biyu suna tallafe da shi.

Ya kira Kawu da sunansa na yarinta, ya ce, "Dogo."

Daga can Kawu ya ce, "Badaru?"

"Ka riƙe taku arba'in da biyu shekara ashirin da shida, amma hanyar gida ta ɓace maka?"

Abin da muka ji daga nan jan hanci ne. Kawu ya ce albasa ce. Muka ce haka ne, albasar Ikko akwai ƙarfi.

Hukuncin Mai gari gajere ne. A mayar da dutse a binne. A nemo gamba a dasa a kan layinsa, ni in haƙa, ita ta dasa. Ya ce mata, "Ranar da ta kama, ki zo." Kwana shida muka yi muna wannan aiki, tana tsaye a kaina da igiya tana awo, ko yatsa ɗaya ba ta bari na karkace ba. Daga nan kullum da safe sai ta je ta duba, tana yi wa gamba magana kamar yadda take yi wa awaki. Tushe uku suka bushe, ta sake su. A mako na uku sabon ganye ya fito layi guda. Ta je zaure. Mai gari bai share ƙasa ba ranar. Ya sa hannu, ya buga hatimi, ya ce, "Yanzu na san ki. Na ma san ki fiye da wasu da aka haifa a gabana." Ban san dalilin da ya sa ya kalle ni ba.

Ni na kai ta wurin hakimi, ni na kai ta sakatariya, a kan babur, kuma a hankali. Takarda ta fito saura kwana tara tantancewa. Kafin ta tafi ta girbe geronta, dami uku da rabi, ta kai wa Mai gari rabin damin, ta zuba sauran a rumbun Iya. Yanzu tana aji biyu a jami'a. In an yi hutu nan take fara sauka, mutane su yi layi da tumaki a ƙofar Iya tana ce musu ba ta gama ba tukuna, su ce ai duba kawai za ki yi. Kawu Ma'aruf ma ya zo da Babbar Sallar bara, yana ɗingishi. Kafin ya sha ruwa sai da ya je ya ga suri.

Da ta zo hutun nan na same ta a tsakar gida tana duba kunnen wata akuya. Na ce, "Likitar Jakuna, na rubuta tarihinki kaf. Yadda kika haɗe Najeriya da Nijar, da jirgin da aka turo, komai. Duniya za ta karanta."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Rubuta, bawana. Amma ka sa cewa ni kwana uku na yi ina tuge iyaka, da rana tsaka, na kuma mayar da ita. Kai shekara biyar kana jan ta da sanɗa, ƙwaryar fura ɗaya ta kama ka. Maganar jakuna kuma kwantar da hankalinka. Ranar da na gama, kai ne na farko a layi, kuma kyauta."